Kunun Inna a Layin Bincike

Tun kafin asuba Inna ta tashi ta ɗora tukunya. Ina kwance a falon ƙanwata ina jin motsin ludayi, can sai ƙamshin kunun gyaɗa ya cika gidan. Ranar Litinin ce, 14 ga Janairun 2019, ranar da za mu kamo hanyar gida. Wata uku ke nan Inna tana Amurka. Autarmu ce ta haihu a watan Oktoba, haihuwar fari, kuma da yake babu halin ta zo gida wankan jego, sai Inna ta bi ta can. An yi suna, an yi arba'in, jaririya ta fara gane fuska tana ɓangale baki, sannan Inna ta ce ita fa ta gaji da zaman ɗaki da sanyin da ba ya barin mutum ya leƙa ko ƙofar gida. Ni kuma na karɓi hutu a wurin aiki na je in taho da ita, don ba ta jin Turanci, ga ciwon gwiwa da ya matsa mata a 'yan shekarun nan.

Ta juye kunun a babban filas ɗinta mai murfi kamar kofi, ta ce abincin jirgi ba ya zama mata a ciki. Na ga lokacin da ta cusa shi a jakar hannu, tsakanin sallaya da ƙullin magunguna, amma hankalina yana kan fasfo da tikiti, ban kawo komai a raina ba.

Tafiyar hawa uku ce. Da ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci za mu hau jirgin cikin gida zuwa Niyok, da yamma mu hau babba zuwa Alƙahira, daga can sai Kano. Idan na farkon ya kuɓuce mana, sauran duk sun bi shi, kuma jirgin Kano daga Alƙahira ba kullum yake tashi ba. Mijin ƙanwata ne ya matsa mu fita da wuri. Ya ce, "Yaya, gara ku je ku zauna kuna jiran jirgi. Kwanakin nan filin jirgi ba yadda ka san shi yake ba."

A mota ya warware mini zancen. Tun 22 ga Disamba aka rufe wani sashe na ma'aikatun gwamnatin tarayya, saboda shugaban ƙasa Donald Trump da 'yan majalisa sun kasa daidaitawa kan kasafin kuɗi. Shi yana neman dala biliyan 5.7 ya gina katanga a iyakarsu da Meziko, 'yan adawa kuma sun ce ba za su bayar ba. Ma'aikata wajen 800,000 abin ya shafa. Wasu an ce su zauna gida, wasu kuma, waɗanda aikinsu ba ya yiwuwa a tsayar, an ce su ci gaba da fitowa, albashi sai ranar da manya suka sasanta. Masu binciken fasinja suna cikin kashi na biyu. Juma'ar da ta gabata, 11 ga wata, ita ce ranar biyansu, ba su ga ko sisi ba, don haka da yawa suka yi ta bugo waya suna cewa ba su da lafiya. A Mayami har an rufe wani ɓangare na filin jirgi a ƙarshen makon saboda ƙarancin hannu. Na saurare shi, amma a zuciyata na ɗauka zuzutawa ce irin ta mazauna gari. Gani ya kori ji.

Wajen awon kaya ya ci mana kusan minti arba'in. Matar da ta karɓi akwatunanmu ta dubi Inna, ta tambaye ni ko a kawo mata keken da ake tura tsofaffi da marasa lafiya. Na fassara. Inna ta gyara mayafi ta ce, "Kai, ka ce mata da ƙafata na yi ɗawafi, da ƙafata na yi Safa da Marwa." Inna ba ta kiran sunana, ni ne ɗan farinta. Ko a gaban mutane ba na wuce "kai" ko "yaron nan", duk da furfurar da ta fara fito mini. Ban ja da ita ba. Shi ne kuskuren da na yi a ranar, don wanda ke kan keken ta gefe ake bi da shi, ba ya bin dogon layi.

Da muka juya muka nufi wajen bincike, sai na rasa inda layin ya fara. Na ga igiyoyin nan da ake ɗaurawa a jikin sanduna, waɗanda ke sa mutane su yi ta kai da kawowa kamar zaren saƙa, sun cika maƙil. Mutane sun tumbatso waje, layin ya bi ta gaban shaguna, ya wuce wurin sayar da kofi, ya sha kwana, ya gangara har wajen da masu sauka ke ɗaukar kayansu. Can ƙarshe wani ma'aikaci yana riƙe da allo a kan sanda, alamar nan ne wutsiyar layi. Muka tsaya a bayan wani dattijon Bature mai jan ƙaramin akwati. Na duba agogo, sha ɗaya saura kwata.

Irin wannan layi yana da tafiyarsa. Taku uku, a tsaya. Ka ajiye jaka, kafin ka miƙe sosai an motsa, ka sake sunkuyawa ka ɗauka. Babu wurin zama, babu abin jingina sai igiyar da ba ta ɗaukar nauyin kowa. Kowa ya shigo da rigar sanyi mai kauri saboda hunturun waje, ciki kuma an kunna na'urar ɗumama wuri, sai ga mutane suna gumi suna rungume da riguna. Yara suna kuka. Wata mata a gabanmu tana ta buga waya muryarta na rawa, jirginta sha ɗaya da rabi zai tashi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne babu mai tsallake wani. Wanda lokaci ya ƙure masa yakan bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, wasu su matsa masa, wasu su nuna masa nasu tikitin, su ma a ƙure suke.

Inna kuwa ta ciro carbi. Na ce mata, "Inna, sannu, kin ga abin da muka tarar." Ta ce, "Wannan har layi ne? Wanda ya kwana uku a sansanin alhazai yana jiran jirgi ai ba a ba shi labarin jira." Amma ina kallon yadda take sauya ƙafa, tana ɗora nauyinta kan ta hagu.

Bayan kamar minti arba'in muka shiga cikin igiyoyin, daga nan ne ake hango wurin binciken kansa. Na ƙirga layukan na'ura, na ga fiye da rabinsu a rufe, an jera robobin zuba kaya a kansu, babu kowa. A gefe guda kuma ga wani gajeren layi, mutane suna wucewa da takalmansu a ƙafa. Dattijon gabanmu ya ga ina kallo, ya yi mini bayani: waɗannan sun yi rajista ne, sun biya dala 85 na shekara biyar, an ɗauki zanen yatsunsu an binciki tarihinsu, don haka ba sa cire takalmi ko bel, ba sa fito da kwamfuta daga jaka. 'Yan ƙasa ne da masu takardar zaman dindindin ke iya shiga tsarin. Na fahimci hikimar, don wanda aka riga aka tantance ba sai an ɓata lokaci a kansa kullum ba. Duk da haka abin ya tsaya mini a rai. Tsohuwa mai shekara sittin da takwas tana tsaye kan gwiwa ɗaya, samari majiya ƙarfi suna wucewa ta gefenta. A gida ma mun saba ganin mai hali ba ya bin layi, sai dai a can an rubuta farashin a fili.

A jikin kowace sanda akwai allo mai hotuna: cire takalmi, cire bel, fito da kwamfuta, kada ruwa ya wuce mililita 100. Mutum in ya daɗe yana kallon allon nan zai tuna cewa kowane hoto akwai abin da ya jawo shi. Kafin harin 11 ga Satumban 2001, kamfanoni masu zaman kansu ne ke binciken fasinja a Amurka. Bayan harin, a watan Nuwamba, aka kafa hukumar tarayya ta karɓi aikin. A ranar 22 ga Disamban shekarar wani ɗan Ingila mai suna Richard Reid ya yi yunƙurin kunna bam ɗin da ya ɓoye a takalminsa cikin jirgin da ya taso daga Faransa zuwa Mayami, shi ne asalin cire takalmi. A watan Agustan 2006 aka kama wasu a Ingila da shirin haɗa bam da ruwan sinadarai a kwalaben lemo, daga nan aka hana shiga da ruwa mai yawa. Ita kuma na'urar da mutum ke shiga ya ɗaga hannuwa, yaɗuwarta ta biyo bayan abin da mu 'yan arewa ba ma son tunawa: ranar 25 ga Disamban 2009, Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tayar da bam ɗin da ya ɓoye a cikin kamfai, a jirgin da ya taso daga Amstadam zuwa Detroit.

Na tuna yadda labarin ya same mu a Kano, yadda majalisu suka yi tsit. Na tuna kuma cewa mahaifinsa da ƙafarsa ya je ofishin jakadancin Amurka a Abuja tun watan Nuwamba ya faɗi damuwarsa game da ɗan nasa, abin da ba kowane uba ne zai iya ba. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari. A farkon Janairun 2010 aka sa Najeriya cikin jerin ƙasashe 14 da za a tsananta wa matafiyansu bincike. Bayan wata uku an sauya tsarin, sai dai abin bai fita daga zukatanmu ba. Tun daga lokacin, duk sanda na miƙa koren fasfona a wata ƙasa, sai na ji ƙirjina ya ɗan yi nauyi, ina karantar fuskar mai karɓa. Da wannan nauyin na shiga layin ranar, ga kuma uwa a gefena cikin zani da ɗankwali da babban mayafi. Na riga na gama ƙullawa a raina cewa mutanen da ke can gaba masu shuɗin riga ba za su yi mana da sauƙi ba.

Ina cikin wannan tunani idona ya sake sauka kan hoton kwalba da aka ja wa jan layi. Gabana ya faɗi. Na ce, "Inna, kunun nan ba za su bari mu wuce da shi ba."

Ta ce, "Kunu ne fa. Su buɗe su gani, in sun so su ɗanɗana."

Na yi mata bayani cewa duk abin da ke zuba ko ake shafawa, ko zuma ce ko man gyaɗa, in ya wuce ɗan mitsitsin ma'aunin nan to sai dai a zubar, in ba magani ba ne ko madarar jariri. Ta yi shiru. Inna ba ta zubar da abinci, ko ƙanzon tukunya jiƙawa take yi. Ta ce, "To ai ba a hana shiga da shi a ciki ba." Ta buɗe filas, tururi ya tashi, ta tsiyaya a murfin ta miƙo mini. Haka muka tsaya tsakiyar ɗaruruwan mutane muna karɓa-karɓa, taku uku, kurɓi ɗaya. Kunun ya yi kauri yadda take son sa, da 'yar shinkafa a ciki da tsamin tsamiya. Ta miƙa wa dattijon gabanmu, ya dafa ƙirji ya yi godiya bai karɓa ba.

Sai muka ji daga bayan igiya an ce, "Mma, sannu da hanya. Koko ne?"

Muka waiga. Wani matashi ne baƙi dogo cikin rigar aiki, yana tura keken da babu kowa a kai. Ya ce ƙamshin ne ya fara tsayar da shi, sannan ya ji Hausa. Ɗan zangon Kumasi ne a Gana, shekararsa shida a Amurka. Hausarsa irin ta zango ce, wadda ba ta raba mace da namiji, yana ce wa Inna "ka gaji, Mma", ita kuma fuskarta ta washe kamar ta ga ɗan ƙanwarta. Ta ce ba koko ba ne, kunun gyaɗa ne, ta cika murfin ta miƙa masa ta saman igiya. Ya waiga hagu da dama, ya karɓa da hannu biyu, ya shanye a tsaye. Ya ce rabonsa da abin da aka dama da hannun uwa tun ranar da ya bar gida.

Shi ne ya ba mu labarin masu shuɗin riga. Ya ce shi kamfani yake yi wa aiki, ana biyansa, amma su waɗancan kwana ashirin da huɗu ke nan suna fitowa a kan alkawari. Akwai wanda ya sani da ke tashi daga nan ya kwana yana ɗaukar fasinja a motarsa don ya sami kuɗin mai da zai dawo aiki washegari. Akwai masu yara da suka rasa abin biyan mai reno, dole suka zauna gida. Ya ce har kayan abinci mutanen gari ke tarawa ana kawo musu. Na fassara wa Inna abin da ya cakuɗa da Turanci. Ta dakata da jan carbi ta ce, "Aiki babu biya? A ƙasar nan? Ai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa ya yi a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe."

Ni malamin makaranta ne. Na taɓa yin wata huɗu ina shiga aji babu albashi. Na san yadda mutum ke sauya hanya don kada ya bi ta gaban mai shagon da ke bin sa bashi, na san yadda ake tsayawa gaban allo ana koyar da lissafi alhali lissafin da ke cikin kai na kuɗin haya ne da na awo. Na kuma san yadda haushin ke neman inda zai sauka, yakan sauka kan yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da na sake ɗaga kai na dubi mutanen da ke can gaba, sai na ga abin da ban gani ba ɗazu: kafaɗu a sanyaye, idanu sun yi zuru-zuru, wani yana maimaita magana ɗaya da dasasshiyar murya, a cire takalmi, a fito da kwamfuta, wataƙila karo na ɗari biyar tun safe. Daga baya na karanta cewa ranar Lahadi 20 ga watan, kashi 10 cikin 100 na ma'aikatan ba su je aiki ba, jaridu suka yi ta yayata adadin. Ni abin da ya fi tsaya mini shi ne sauran kashi 90 ɗin da suka tashi suka sa riga suka fito.

Ɗan Kumasi ya dubi tikitinmu, ya dubi layin, ya girgiza kai. Ƙarfe goma sha biyu ta wuce, kuma akwai lanƙwasa biyar a gabanmu. Ya ce, "Mma, ka hau keke." Inna ta fara zancen ɗawafi. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Mma, na sha kununka, ka bar ni in samu lada." Ban taɓa ganin an karya wa Inna magana cikin sauƙi haka ba. Ya ce mu jira ya kai keken inda aka aike shi, ya sanar da masu jirginmu, ya dawo. Minti goma sha biyar ɗin da ya yi sun fi mini duk sauran jiran tsawo. Inna ta dafa kafaɗata, abin da ba ta taɓa yi a bainar jama'a ba, na ji hannunta yana rawa. Da ya dawo ya ɗage igiya, ta zauna ta sauke ajiyar zuciya, ta ɗora filas ɗin da babu komai a ciki kan cinyarta.

A bakin na'ura aka duba fasfo ɗinmu da katin shiga jirgi. Mutumin ya dubi hoto, ya dubi fuska, ya yi 'yar alama da biro ya miƙo, ko sakan goma bai yi ba. Na zuba takalmi da bel da agogo da waya a roba. A lokacin, wanda ya kai shekara 75 ana barinsa da takalminsa, Inna kuwa saura shekara bakwai, don haka na durƙusa na zare mata nata, ta cire awarwaronta biyu da kanta. (A watan Yulin 2025 na ji an janye dokar cire takalmin gaba ɗaya, na tuna da safar Inna mai ruwan toka a kan sanyin tayil.) Aka tambaya ko za ta iya tsayawa, ta ce za ta iya. Ta shiga na'urar, ta ɗora ƙafafu kan zanen sawu, ta ɗaga hannuwa sama kamar yadda na nuna mata. A allon da ke gefe wani zanen mutum-mutumi ya fito, ba surar jikinta ba, da alamar rawaya a wuri biyu: a ka, da kuma a ƙugu.

Wadda ta matso wata baƙar fata ce, ba za ta wuce sa'ar autarmu ba, sanye da shuɗiyar safar hannu. Idanunta sun yi ja. Na shirya jin tsawa. Sai ta yi magana a hankali, ta ce dole ta lalube wuraren biyu, ta tambaya ko Mama ta fi son a yi a keɓe. Na fassara, Inna ta ce a keɓe. Aka kai mu wani ɗan ɗaki, wata ma'aikaciyar ta biyo mu a matsayin shaida. Ba a rasa ni a ɗakin ba saboda fassara, amma ba zan tsaya ina kallon ana taɓa mahaifiyata ba, don haka na juya na fuskanci bango.

Daga nan da kunne na bi sauran. Kafin ta taɓa ko'ina sai ta faɗa, ni kuma in mayar da Hausa ina kallon fenti. Yanzu zan dafa saman kanki, ba sai kin cire ɗankwalin ba. Yanzu zan bi ƙugunki da bayan hannuna. Can ta ce akwai wani ƙulli a nan, mene ne? Na tambayi Inna. Ashe kuɗin da surukinta ya ba ta na sallama ne ta ƙulle a haɓar zani, yadda ta saba tun tana zuwa kasuwar Rimi. Na ji tana kwancewa tana cewa, "Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi." Aka goga wa tafin hannunta wani ɗan ƙyalle aka sa a na'ura, na'urar ta ce babu komai. Aka ce in juyo.

Abin da na gani da na juyo shi ne ya sa nake rubuta wannan labari bayan shekaru. Yarinyar tana durƙushe a gaban Inna tana sa mata takalmi. Ta ga Inna na ƙoƙarin sunkuyawa gwiwa ta ƙi, shi ne ta karɓa. Ba ya cikin aikinta, ga ɗaruruwan mutane suna jiranta a waje, ga shi ranar ko kwabo ba za ta koma gida da shi ba. Ta ja maɗaurin ta manne, ta miƙe, ta gyara wa Inna gefen mayafin da ya zame.

Inna ta zaro takarda ɗaya daga cikin kuɗin da ta kwance, ta kama hannun yarinyar za ta danƙa mata. Yarinyar ta ja da baya da sauri, tana murmushi tana girgiza kai, ta ce doka ta hana su karɓar ko sisi daga fasinja. Na faɗa wa Inna. Ta yi jim, sannan ta ce, "To ka ce mata Allah ya yi mata albarka. Allah ya sa a biya ta haƙƙinta, ya ba ta masu yi mata yadda ta yi mini." Na fassara iya yadda Turancina ya kai, ko da yake addu'a in ta bar Hausa takan rage nauyi. Yarinyar ta ɗan runtse ido, ta ce ta gode, ta ce mu hanzarta kada jirgi ya tafi.

Ɗaya saura kwata. Ɗan Kumasi ya ce in riƙe jakunkuna in biyo shi. Ban san ana gudu da keken nan haka ba. Yana tafe yana neman hanya, ina binsa da bel a hannu ban sami sa shi ba, Inna ta riƙe hannayen keken tana salati. Mun isa ƙofa ana kiran sunayenmu a lasifika, mu ne na ƙarshe. Shi ya yarda ya karɓi ɗan abin da na ba shi, don su an yarje musu. Inna ta ce ya gaishe da mahaifiyarsa in sun yi waya, ya ce, "Zai ji, Mma." A cikin jirgi akwai kujeru da dama babu kowa, masu su suna can cikin igiyoyi.

A Niyok mun sake bin wani binciken saboda sauya ɓangare, amma wannan karon tun daga ƙofar jirgi keke ke jiran Inna, ba ta kuma yi musu ba. A wani lungu kusa da ƙofar jirgin Alƙahira muka shimfiɗa sallaya muka haɗa azahar da la'asar, ita a zaune. A Alƙahira ma an sake caje mu. Muka sauka filin jirgin Malam Aminu Kano cikin hazo, iska tana busar da leɓe, 'yan'uwa sun cika mota biyu suna jiranmu.

Kwana goma bayan dawowarmu, da safiyar Asabar 26 ga wata, na je gaishe ta na tarar tana shan hantsi a tsakar gida, ta miƙe ƙafa, rediyonta a gefe. Ana cikin labaran duniya aka ce an buɗe gwamnatin Amurka bayan kwana 35, rufewar da a lokacin ba a taɓa yin mai tsawonta ba. A ranar ƙarshen har jirage sun yi ta jinkiri a Niyok saboda ƙarancin masu ba jirgi hanya. Inna ta rage muryar rediyon ta dube ni.

"Kai, yarinyar nan tamu, an biya ta ke nan?"

Na ce an ce cikin 'yan kwanaki za a ba su duk abin da suke bi.

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta mayar da muryar rediyon, ta ce a miƙo mata man gwiwarta.